Na Kashe Wutar Duro, Yis ɗin Marigayi Mijina Ya Ƙi Tashi

Zuwa ga Anti Glenys,

Ki taimake ni don Allah, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na kai shekara hamsin da huɗu na koyi haɗa baƙi, a ajin manya da ake yi a laburare ran Talata. Sunayen da za ki gani duk na canza su, ko da yake a garin nan ko lambobi na sa sai an gane ni.

Mutanen gida dai ga yadda suke. 'Yata Bronwyn tana Hobart lafiya ƙalau, hidimar bikinta ce kawai ta ramar da ita. Ɗana Hamish yana bakin aiki can yamma, wurin kiwon kifi a teku, ya ce tarin da yake fama da shi ya sake shi. Yayata har yanzu ƙugunta bai bar ta ta taka sosai ba. Tsohon karenmu ba ya cin abinci sai an jiƙa masa. Ni jikina garau, sai dai kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Mara lafiyar gaske yana sito bayan gida, cikin farin duro, kuma ni na jawo masa.

Bari in fara daga farko. Mijina Merv ya rasu bara a watan Afrilu. Shekara talatin da ɗaya yana dafa baƙar giya a siton nan. Sau ɗaya tak ya taɓa sayen yis, tun Hamish yana rarrafe. Daga nan duk dahuwar da ya yi sai ya ɗebi lakar da ta kwanta a gindin duro ya adana ta, da ita zai tayar da ta gaba. Yakan ce su ne ma'aikatansa, ba albashi, ba yajin aiki. Ba a yi aure a danginmu ba tare da giyar Merv a kan tebur ba, kuma tun Bronwyn tana 'yar makaranta yake ce mata tata ce za ta fi ta kowa. Ga bikin ya zo, Asabar ta farko a watan Oktoba, shi kuma babu shi.

Ranar jana'iza aka shanye kwalaben da ya bari. Ashe Hamish ya ɓoye guda ɗaya a bayan buhun dankali. Ki sani, shi da ubansa ba sa minti goma a ɗaki ɗaya ba su yi musu ba, kuma tun da ya girma bai taɓa taka siton nan ba. Watan jiya sai ga shi da kwalbar nan da littafin da Merv yake rubuta dahuwarsa. Ya buɗe ta, ya tsiyaya mana a ƙananan kofuna, ya bar ɗan abin da ya kwanta a ƙasa, wanda bai kai cokali ba. Shi ya riƙa ciyarwa da ruwan tsiron sha'ir mai zaƙi, daga ƙaramar kwalba zuwa babba, kwana goma sha biyu a kan kantar da ke kusa da murhu. Duk wucewar da zai yi sai ya ɗaga ta ya juya. Ran da kumfa ta fito, ihu ya yi har kare ya firgita: "Mama, zo ki gani! Ma'aikatan tsohon nan sun farka!" Rabon da in ga haƙoran yaron nan a waje haka tun kafin rasuwar.

Ran Asabar da ta wuce ya wuni yana dahuwa. Lahadi da safe ya juye yis ɗin nan na ruwa a duro, ya rufe, ya dasa 'yar lanƙwasasshiyar robar nan mai ruwa da iska take fita ta cikinta a kan murfi, wadda Merv yake kira maƙogwaro. Kafin ya shiga mota ya miƙo mini takarda ya ce duk abin da zan yi yana ciki. Ya ce, "Kin gane ko, Mama?" Na ce, "Me ka ɗauke ni? Kama hanyarka kada ka makara."

Anti, ban gane ba. Ina karanta jarida, ina karanta takardar magani, ina karanta shafinki duk Juma'a, amma rubutun tafiyar tsutsa irin na Hamish ba na iya raba baƙi ɗaya da wani. Shi ne fa ya riƙa kai ni aji a motarsa har shekara biyu, yana faɗa wa kowa a kanti cewa uwarsa ta fi shi karatu. Da wane baki zan ce masa ya karanta mini? Na ninke takardar na sa a aljihun rigar girki, na ce ai na shekara talatin ina ganin duro, me zai gagare ni.

Da la'asar na zagaya kashe makunnan bango kamar yadda na saba. 'Ya'yana suna yi mini tsiya a kan haka, wai ko agogon murhu ba na bari ya huta. Amma su ba su ga wutar dajin da ta cinye gidanmu ina 'yar shekara takwas ba, wadda daga ita ban sake komawa makaranta ba. Na shiga sito na tarar da duron an lulluɓe shi da tsohon bargo, na taɓa na ji ɗumi, na ɗaga na ga wata ɗamara mai waya an zagaya masa. Waya mai zafi, ƙarƙashin bargo, a ɗakin katako, ga galan ɗin man injin yankan ciyawa a gefe! Merv bai taɓa amfani da irin wannan ba, don shi ba ya dahuwa sai yanayi ya yi ɗumi. Na ce yaron nan mantuwa ya yi. Na kashe, har ina yaba wa kaina.

Kin dai san yadda sanyin Yulin bana yake a nan. Litinin da safe ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara, ruwan kwanon kare ya daskare. Na je na tsaya a ƙofar sito ina saurare. Da, duron Merv kwana ɗaya yake fara magana, ɓul, ɓul, har daga wurin shanya nake ji. Wannan shiru. Na ce bari a ba shi lokaci. Talata na koma sau goma sha ɗaya, na ƙirga. In ɗora ruwan shayi in manta, in ɗauki tsintsiya in ajiye, sai in ga ƙafafuna sun sake kai ni sito. Har kujera na kai na zauna ina kallon ruwan da ke cikin maƙogwaron, ko motsi bai yi ba.

Da yamma Hamish ya bugo waya. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Mama, yana yi?" Na ji bakina ya ce, "Yana ta yi, kamar tukunya a kan wuta." Ya yi dariya ya ce, "Na faɗa miki! Tsohon nan ko a kabari ba ya fashin aiki." Tun da na haife shi ban taɓa yi masa ƙarya mai nauyin wannan ba.

Yau Laraba da sassafe na kai wa maƙwabciyata Noelene takardar, na ce tabarauna ne ya ɓata. Ta kalli tabarau a kan hancina, ta karanta. Layin farko, har an ja masa layi biyu a ƙasa: kada ki kashe makunnin sito ko da me, yis ɗin nan tsoho ne, sanyi ba zai bar shi ya tashi ba. Na biyu: ma'aunin zafin da ke manne a jikin duro ya tsaya tsakanin sha takwas da ashirin. Na uku: kada ki buɗe murfi. Na fita da gudu da silifas na kunna. Ma'aunin baƙi ƙirin, ko lamba ɗaya bai nuna ba. Yanzu ƙarfe biyu, ya hau sha uku, amma har yanzu shiru.

Ban gama miki laifina ba. Murfin nan na riga na buɗe shi sau biyu, jiya da kuma ɗazu. Ban sa komai a ciki ba, leƙawa kawai na yi. Warinsa kamar shayi mai sukari da ya huce, ba tsami. Amma ɗazu na ga wasu 'yan farare-farare suna yawo a sama, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Funfuna ce? Ko kwalbar da ya yi rainon yis ɗin a ciki ban wanke ba. Ya ajiye ta a wurin wanke-wanke ya ce in ɗauraye, na ɗauka na ga akwai sauran laka a gindinta, kaurin ɗan yatsa, sai na kasa zubar da abin Merv a magudana. Na mayar da murfinta nan take na tura ta can cikin firij bayan kwalaben jam ɗin shafa wa burodi. Kin ga, wanda ya ce in yi ban yi ba, wanda ya ce kada in yi shi na yi.

Noelene ta ce in daina wahalar da kaina. Ta ce, "Ke dai kin cika saka abu a rai. Zuba masa yis ɗin burodi cokali biyu, kafin ki gama shanya ya tashi. Wa zai sani? Dangin mijin naki, bayan kofi na uku ko ruwan wanki kika ba su cewa za su yi Merv ya dawo." Ta kawo mini ƙulli ɗaya ta ajiye a kan tebur, yana nan a gabana ina wannan rubutu. Sau uku ina ɗaukarsa ina ajiyewa. In na zuba, Hamish zai dawo ya ji ɓul-ɓul ya yi murna, Bronwyn ta ɗaga kofi ran biki ta ce giyar babanta ce, ni kaɗai zan san ba ita ba ce. In ban zuba ba kuma ya mutu, ba wata kwalba a bayan buhun dankali. Shekara talatin da ɗaya, ni na kashe ta da ɗan yatsa.

Ki faɗa mini gaskiya, yis yana mutuwa da sanyi? In zuba na Noelene ko in bari? Farare-fararen nan fa? Kuma Hamish, in faɗa masa, ko in yi shiru tun da wataƙila abin ya tashi kafin ya iso? Na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa komai ba sai na ga jaridar Juma'a. Da ƙafata zan kawo wasiƙar nan ofishinku kafin ku tashi. Hamish zai iso ran Asabar da tsakar rana, kuma na san sito zai fara shiga kafin ya gaishe ni. Don Allah ki ba ni amsa kafin Asabar ɗin.

Taki,
Uwa Mai Zarya Tsakanin Kicin da Sito


Amsar Anti Glenys

'Yar'uwata Mai Zarya,

Ki zauna tukuna. Ki ɗauki ƙullin Noelene ki kwaɓa burodi da shi, ki aika mata rabi. Inda ya dace da shi ke nan.

Ni ba mai dafa giya ba ce, amma na yi zaman aure da mai yi, kuma jiya na kai wasiƙarki wurin wata tsohuwar hannu a harkar muka karanta tare. Ga abin da muka tsayar.

Sanyin sito ba ya kashe yis, barci yake sa shi. Zafi mai yawa ne yake kashe shi. Yis na ruwa da aka tayar daga tsohuwar kwalba kuwa, ko ba sanyi yakan yi jinkiri, wani lokaci kwana biyu ko uku kafin ya nuna alama. Duro cike da ruwa ba ya ɗumama a awa shida, shi ya sa kika ga sha uku. Ki bar ɗamarar a kunne. Kada ki kawo masa hita ko ruwan zafi don ki gaggauta shi. In ma'auni ya wuce ashirin da biyu, ki yaye bargon. Galan ɗin man nan kuma ki fitar da shi daga siton yau. Tsoronki na wuta ba wauta ba ne, kuma ba zan ce ki daina shi ba.

Ki daina sauraren maƙogwaro. Murfin da aka buɗe aka mayar sau biyu yakan bar iska ta sulale ta gefe, sai giya tana aiki amma ba ɓul ko ɗaya. Ki danna murfin ya zauna daidai, sannan ki haska tocila a jikin duron daga waje. In kin ga inuwar kumfa a saman ruwan, ko zobe mai launin ƙasa a jikin roba, to ma'aikata sun koma bakin aiki. In babu, ki riƙe duron da hannu biyu ki ɗan jujjuya shi a hankali, sau ɗaya a rana, don abin da ya kwanta ya taso. Farare-fararen da kika gani sun fi kama da kumfar farko. Funfuna gashi-gashi gare ta, kuma takan yi kore ko toka. Sau biyu a rana ya isa dubawa. Sauran taran ki ba kare.

Ba zan yi miki alkawarin duron nan zai tsira ba. Ruwan zaƙi da ya kwana uku yis bai kama shi ba, wasu ƙwayoyin suna iya riga shi shiga ya yi tsami. Abin da ya taimake ki shi ne sanyin da ya kwantar da yis ya kwantar da su ma, ga shi kin ce ba ki ji tsami ba. Ina kyautata zaton kafin ki karanta wannan ya fara motsi. In har Asabar bai yi ba, ki bar wa Hamish, yana da ma'aunin gilashin da zai gwada ya san ko sukarin ya ragu.

Yanzu maganar da ta fi giya. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Wanda ya san uwarsa ba ta barin makunni a kunne, da baki ya kamata ya faɗa mata, ya kuma liƙa wa makunnin wani abu. Kuma wanda ya yi shekara biyu yana kai ki aji ya isa ya san rubutun jarida daban, nasa daban. Wannan nasa ne. Naki kuma biyu ne: kin ce kin gane ba ki gane ba, kin ce yana yi ba ya yi. Na farko kunya ce, kowa yana yi. Na biyun ne yake hana ki zama, ba duro ba. Ko da giyar ta tashi lafiya, in kika yi shiru za ki zauna a bikin 'yarki da wannan a ranki. Sannan ki tuna jaridar nan tana shiga kowane gida a garin, Noelene ma tana da waya. Ki kira shi yau Juma'a, ya ji daga bakinki. Wataƙila ya yi fushi, ki bar shi ya yi, ba da ke kaɗai yake ba, yana kewar ubansa ne. Idan ya huce ki ce masa daga yau in zai bar miki takarda ya rarraba baƙaƙen. Macen da ta rubuto mini shafi huɗu ba tare da na tsaya tambayar me take nufi ba, ba ta da abin jin kunya a karatu.

Na bar miki mafi muhimmanci a ƙarshe, don ke kin lissafa shi cikin laifuffukanki. Kwalbar nan da ba ki wanke ba. Lakar da ke gindinta, kaurin ɗan yatsa, ta ninka abin da Hamish ya fara da shi sau da yawa, kuma ba ta shekara a kwalba ba, kwananta biyar ne a firij a rufe. Abokiyar shawarata ta ce da ita ce, a kan kwalbar nan za ta fi dogara fiye da duron. Kada ki buɗe ta, kada ki sa ta a wurin ƙanƙara. Ki ɗan sassauta murfin kaɗan don iska ta samu hanya, ki ɗaura mata ƙyalle don kada wani ya ɗauka jam ne da ya lalace. Ko duron ya ɓaci gaba ɗaya, mako ɗaya ya isa Hamish ya sake tayar da yis daga cikinta, kuma daga nan zuwa Oktoba akwai lokacin sabuwar dahuwa. Yis ɗin Merv bai mutu ba, yana bayan kwalaben jam, kuma ke kika ajiye shi a can.

Saboda haka in kin kira, ki fara da makunnin, ki bi da ƙaryar, ki rufe da kwalbar. Allah ya ba yayarki sauƙi, ya sa a yi bikin Bronwyn lafiya. Ran da za a ɗura giyar, ki ce wa Hamish ya ware laka a kwalba biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya a firij ɗinki.

Taki,
Anti Glenys